Lamba Ɗari Huɗu da Sha Bakwai

Kafin hantsi ya dubi Immokalee
na riga na durƙusa a layi na tara,
hantsaki a dama, tsumma a wuya,
ina buɗe furen da bai isa buɗewa ba.
A hankali, kamar cire ƙaya a tafin jinjiri.
In hannu ya yi rawa, aikin wata uku ya zube.

Ofeliya na gefena da ɗan kofin gilashi,
ƙurar fure a ciki, ba ta cika bakin farce ba.
Ta wani ɗan daji ce daga tsaunukan Peru,
'ya'yansa kore, masu gashi, ƙanana kamar magarya,
ko akuya ta ɗanɗana sai ta tofar.
Amma farin ƙuda kan sauka a kansa,
ya tsotsa, ya zuba cutarsa, ya tashi a banza.
Wannan taurin kai muke roƙo a wurinsa.
Ɗacin kuwa, sai mun tace shi shekara da shekaru.

Daren jiya Baba ya kira daga Kwanar Gafan:
"Tasalla, har yau kina can
kina ɗaura wa tumatir aure?"
Na yi dariya. Shi bai yi ba.
Ya ce bana ganye ya nannaɗe kamar kunnen ɓera,
ya yi ɗorawa tun bai kai gwiwa ba,
wanda ya tsira kuma zafi ya kakkaɓe furensa.
Kwando tamanin ya saya. Sha ɗaya ya cika.
Sauran na zaure, wani cikin wani, baki a sama.

Nan ma haka ne, Baba.
Nan ma dare ya daina hucewa.
Fure na son sanyin asuba kamar kai da shayinka,
in bai samu ba ya faɗi ba sallama.

Abin da ban gaya masa ba:
rabin aikina kisa ne.
Da hannuna nake sakin ƙudan cikin keji,
ni ke rufe tagogin ɗakin gilashi
in tsaya ina kallon ma'auni yana haura arba'in.
Dubu da ɗari biyu na dasa a watan Maris.
Kowace Talata in bi su da jan alƙalami,
wanda ya lanƙwashe a tuge, a jefa a baro.
Har na daina kallon baron.

Yau saura ɗaya a ƙarshen layi,
lamba ɗari huɗu da sha bakwai.
Ba shi da kyan gani, ya karkace kamar mai ciwon ƙugu,
amma ganyensa a shimfiɗe, kore shar,
da 'ya'ya uku, ɗaya ya tsage.

Ofeliya ta goge wuƙa a wandonta,
ta raba mana biyu, ta barbaɗa gishirin aljihunta.
Fata da kauri. Tsami har kunne.
Can ƙasan harshe, nesa,
wani abu kamar miyar Inna ranar kasuwa
ya leƙo ya koma.
Ta ce wani abu da yarensu.
Fuskarta ta fassara mini: da saura.

Na matse irin a kofi, kwana uku zai jiƙa,
in wanke, in shanya a takarda, in ƙirga.
Ba ya aikuwa a ambulan, Baba,
bai zauna ba tukuna, jikokinsa za su iya butulci.
Shuka huɗu nan gaba, in rai ya kai, ko biyar.
Shekarunka saba'in da ɗaya.
Na fara lissafin a bayan hannuna
sai gumi ya wanke tawadar.

Hadari na haɗuwa ta wajen teku.
Ofeliya ta ɗauki kofin, ta rufe shi da hularta.
Layi na goma na jira.